Jinin da Kawu ya gani na basir ne, amma ba a nan ciwon yake ba

Kawuna yana da shekara 54 ranar da ya miƙo mini wata takarda a ninke, ya ce, "Likita, duba mini wannan. Sun ce ba komai, basir ne." Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake haska hanji da na'ura, amma a danginmu duk wanda ya sa farar riga sunansa likita. Da izininsa nake ba da wannan labari, domin takardar tasa ta tattara kusan duk kurakuran da ake yi a gwajin kolonoskofi, wato haska babban hanji gaba ɗayansa da na'ura mai kyamara.

Layi uku ne kacal a cikinta: an haska, an ga basir, sauran lafiya lau. Ba a rubuta inda na'urar ta tsaya ba, ba a faɗi ko hanjin ya wanku ba, babu hoto ko ɗaya. Na ce, "Kawu, me aka ba ka ka sha kafin a yi?" Ya ce ƙwaya biyu na wankin ciki da daddare, da safe kuma aka ɗura masa ruwa ta ƙasa. "Minti nawa aka ɗauka?" Ya ce ko goma ba a cika ba. A bayan takardar akwai sakamakon gwajin jininsa: ma'aunin jini 9.8, alhali na namiji baligi bai kamata ya sauka ƙasa da 13 ba, sinadarin ƙarfe kuma ya yi ƙasa sosai. Wata shida kenan yana haki in ya hau bene, yana ɗora laifin a kan tsufa.

Abin da aka yi masa ba kolonoskofi ba ne. Ƙanen kolonoskofi ne, wanda ake kira sigmoidoskofi, mai duba kimanin santimita 60 na ƙarshen hanji. Gwaji ne mai amfani a muhallinsa, sai dai babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi. Daga dubura yana yin wata lanƙwasa mai kama da harafin S, ya haura ta gefen hagu na ciki, ya sha kwana a ƙarƙashin saifa, ya ratsa ta sama zuwa dama, ya sake shan kwana a ƙarƙashin hanta, sannan ya gangaro zuwa wani aljihu a ƙasan ciki ta dama, inda ƙaramin hanji yake zubowa, inda kuma bakin afendis yake. Likitoci suna kiran aljihun nan sikam. Kolonoskofi bai cika ba sai kan na'urar ya isa can. Kuma ɓangaren daman nan shi ne mai yaudara: bayan gida a wurin ruwa-ruwa ne, hanjin kuma yana da faɗi, don haka tsiro yana iya daɗewa yana tsiyayar jini kaɗan-kaɗan ba tare da mutum ya ga ko ɗigo ba, ba tare da ya toshe komai ba. Sau da yawa alamarsa ɗaya ita ce ƙarancin jini. Shi ya sa namiji ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, ba a tsayawa ga ba su ƙwayar ƙarin jini. Ana haska su ta sama da ta ƙasa a nemo inda jinin yake zurarewa.

Basir yana zubar da jini, wannan gaskiya ne, kuma mutane da yawa suna da shi. Matsalar ita ce samun basir ba ya hana mutum samun wani abin a can ciki. Sauran alamomin da ke sa a tura mutum wannan gwaji su ne jini gauraye da bayan gida, canjin yanayin bahaya da ya wuce mako uku ba dalili, gudawa mai majina da ta ƙi jin magani, jin kamar ba a gama ba bayan an gama, rama ba tare da an rage ci ba, ko gwajin bayan gida da ya nuna ɓoyayyen jini. Akwai kuma masu yinsa lafiyarsu ƙalau, don bincike. A Amurka an sauko da shekarun fara binciken daga 50 zuwa 45 a 2021. A Ingila ana fara da gwajin bayan gida da ake aika wa mutum har gida, wanda nasa ya nuna jini sai a kira shi a haska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu da sankarar babban hanji, fiye da 930,000 suka mutu da ita. Abin da ya bambanta ta da yawancin sankara shi ne galibi tana farawa ne a matsayin ɗan tsiro marar illa, wanda yakan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. Tun 1969, lokacin da likitoci biyu a birnin Niyok, Hiromi Shinya da William Wolff, suka fara zarge irin wannan tsiro da waya ta cikin na'urar, aka samu hanyar cire shi ba tare da an tsaga ciki ba.

Sai muka shiga neman wanda zai yi masa na gaske. Masu yin wannan aiki iri biyu ne: likitan ciki da hanji, da likitan tiyata da ya koyi sarrafa na'urar, a wasu ƙasashe akwai ma'aikatan jinya da aka horar musamman. Sunan fannin ba shi ne abin dubawa ba. Hannu ne, kuma hannu yana zuwa da yawan yi. Hanya mafi sauƙi ita ce likitan da ke duba ka ya rubuta takardar turawa, ka kuma tambaye shi kai tsaye: in mahaifinka ne, wurin wa za ka kai shi? Ma'aikatan jinya da masu ba da maganin barci su ma sun san wanda hannunsa yake da laushi da wanda yake gaggawa.

Na rubuta wa Kawu tambayoyin da zai yi, ya ce shi yana jin nauyi, kar likita ya ga kamar ana tuhumarsa. Na ce wanda ya iya aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yawanci ma lissafin yana bakinsa. Nawa kake yi a shekara? A cikin ɗari, sau nawa kake isa sikam? Abin da aka yarda da shi shi ne 90 zuwa sama, 95 ma ga masu binciken lafiya. Kana ɗaukar hoton wurin a matsayin shaida? Minti nawa kake ɗauka wajen fitowa? Wannan tambayar ita ce mutane ba su san da ita ba: ba a shiga ake dubawa ba, a fitowa ne, kuma bai kamata fitowar ta gaza minti 6 ba, yanzu ma wasu ƙungiyoyin likitoci sun mayar da shi 8. Sai babbar tambaya: a cikin mutum ɗari da ka haska don bincike, mutum nawa kake samun tsiron da ake kira adinoma, wato irin wanda ke iya rikiɗewa ya zama sankara? Ƙasa da 25 alama ce ta cewa ana wuce su ba a gani. Wani babban nazari da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna cewa duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a wannan ƙidaya yana tafiya da raguwar kashi uku cikin ɗari na haɗarin kamuwa da sankara bayan gwajin.

Akwai kuma tambayoyin da suka shafi wurin, ba likitan ba. In an ga tsiro, za a cire shi nan take ko sai an sake sa rana? Wurin da ba shi da zargen waya da na'urar ƙona jijiya, haskawa kawai zai yi, ka sake shan maganin wankin ciki karo na biyu. Wa zai lura da numfashinka in an ba ka maganin barci? Akwai iskar numfashi a kusa? In hanji ya huje, akwai ɗakin tiyata a ginin ko a kusa? Ina ake kai naman da aka cira, kuma kwana nawa sakamako yake ɗauka? Yaya ake wanke na'urar? Ba a dafa ta, domin zafi yana lalata ta. Ana gwada ko tana yoyo, a wanke ta da hannu, a zura burushi a kowane rami nata, a jiƙa ta a sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye, a busar. Wannan ba ya yiwuwa a ƙasa da rabin sa'a. In ka ga wurin da na'ura ɗaya ce amma ana shigar da mutane bi da bi duk bayan minti goma sha biyar, ka ɗauki takardarka ka fita. Mace da ke son mace ta duba ta, ko namiji da ke son namiji, a faɗa tun ranar karɓar lokaci, ba ranar gwaji ba.

Ganawar farko da likitan, Kawu ya je da duk magungunansa a leda, kuma haka ya kamata kowa ya yi. Abu na farko da aka tsayar shi ne ƙwayar ƙarin jini, mako guda kafin ranar, domin tana mayar da bayan gida baƙi mai danƙo, ya manne a bangon hanji kamar kwalta. Masu shan maganin tsinka jini nasu ya fi wuya: wafarin yawanci kwana biyar, Plavix kwana biyar zuwa bakwai, Xarelto da Eliquis kwana biyu zuwa uku, asfirin ƙarami kuwa galibi ana ci gaba da shi. Amma kada kowa ya tsayar da ko ɗaya da kansa. Wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya ko aka canza wa ƙofar zuciya, tsayar da maganin ba bisa ƙa'ida ba ya fi zubar jinin haɗari. Likitan zuciya ne zai yanke. Mai ciwon suga ana rage masa insulin, ana ɗage masa ƙwayoyin da ke sauke suga a ranar da ba zai ci abinci ba, ana kuma ba shi layin farko da safe. Maganin hawan jini mai sa fitsari da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna wahalar da ƙoda a ranar da jiki ke zubar da ruwa. Kodin da maganin tsayar da gudawa suna kashe motsin hanji. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani cewa gudawar tana iya fitar da ƙwayar kafin ta yi aiki. Ciwon ƙoda, ciwon zuciya, juna biyu, munshari mai ɗauke numfashi, hawan jinin ido, tiyatar ciki da aka taɓa yi, taurin bayan gida na kullum: duk a faɗe su, domin kowanne yana canza wani abu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ni a ganina rabin gwajin nan a banɗakin gidan mutum ake yinsa, kwana guda kafin likita ya taɓa shi. Kyamara ba ta gani ta cikin ƙazanta. Tsiron da bai fi ƙwayar gero ba, ko shimfiɗaɗɗe mai kama da tabo a bango, ɗan guntun bayan gida ya isa ya rufe shi.

Kwana biyu zuwa uku kafin ranar ana barin duk abinci mai dusa da ɓawo da 'ya'ya: ganyaye, wake, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ƙananan iri, tumatir, hatsin da ba a surfe ba. Ƙananan irin nan su ne abokan gabarmu, ba sa narkewa, kuma suna toshe ramin da na'urar take zuƙo ruwa da shi. Abin da ake ci shi ne farar shinkafa, farin burodi, ƙwai, kifi, kaza ba fata, dankali ba ɓawo. Jajibirin ranar, bayan ɗan karin kumallo mai sauƙi in likita ya yarda, sai ruwa zalla: ruwan sha, shayi ba madara, romo tatacce, lemo marar gari. Ƙa'idar ita ce in ka ɗaga kofin kana iya hango yatsanka ta ciki. Ban da mai launin ja ko shunayya, domin a cikin hanji kamarsa ɗaya da jini.

Maganin wankin iri-iri ne. Akwai mai yawa, irin su Fortrans da Klean-Prep, gari ne da ake narkar da kowane ƙunshi a lita ɗaya ta ruwa, a sha har lita huɗu; shi ya fi aminci ga mai ciwon ƙoda ko zuciya domin ba ya janye ruwan jiki sosai. Akwai na lita biyu kamar Moviprep, wanda dole a bi shi da ƙarin ruwa aƙalla lita ɗaya, kuma ana kaffa-kaffa da shi ga mai ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini. Akwai Picolax, kofi biyu kawai, amma shi ma sai an kora da ruwa mai yawa, in ba haka ba ba ya aiki. Mai sinadarin fosfet yana iya lalata ƙoda, an daina ba tsofaffi da masu ciwon ƙoda. Ko wanne aka ba ka, raba shi biyu ya fi: rabi da yamma, rabi da asuba, a fara kimanin sa'a biyar kafin lokacin gwaji, a gama aƙalla sa'a biyu kafin a shiga. Dalili kuwa, duk dare ƙaramin hanji yana ci gaba da zubo ruwan ɗaci da majina a ɓangaren dama. In an shanye duka tun daren jiya, da safe wurin da aka fi buƙatar gani ya sake yin dauɗa.

A jajibirin gwajinsa Kawu ya kira ni wajen ƙarfe bakwai na yamma. "Likita, wannan abu ruwan gishiri ne, ba zan iya ba." Kofi na uku kenan. Na ce ya sa shi a firji ya yi sanyi, ya sha da tsinken shan lemo yana tura shi can bayan harshe, kofi ɗaya duk minti goma zuwa sha biyar, ya tsotsi lemun tsami a tsakani. In tashin zuciya ya taso, a dakata rabin sa'a a ci gaba a hankali. In amai ya ƙi tsayawa, a kira asibitin. Cikin yakan fara motsi bayan sa'a ɗaya zuwa uku, daga nan kuma ba nisa da banɗaki. A shafa basilin a dubura tun kafin a fara, a riƙa wankewa da ruwa maimakon gogewa, domin zuwa zagaye na goma wurin yana ɗaukar zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga ruwa ya fara fita sai ya ce ai ciki ya wanku, ya zubar da sauran. Ba a gama ba sai abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai mai ɗan launin rawaya kamar fitsari, ba gari, ba gudaji. In da safe har yanzu ruwan ƙasa-ƙasa ne, a faɗa wa nas da isowa. Wani lokaci ana ƙara magani a jinkirta sa'o'i, wani lokaci a ɗage. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jiri mai tsanani, ruɗewa, ɗaukewar fitsari, ko ciki ya kumbura tim ba abin da ya fita, waɗannan ba na jira ba ne.

Ranar gwajin ana zuwa da ɗan rakiya. Ana auna jini da bugun zuciya, a sa kanula a hannu, a ba ka riga da wando mai tsaga ta baya, likita ya sake bayani ka sa hannu. Kunyar da mutane suke kwana da ita tana raguwa a nan, domin jiki a rufe yake, ɗakin da ɗan duhu, idon kowa kuma yana kan allo. Maganin barci hawa-hawa ne. Akwai mai sa gyangyaɗi, midazolam haɗe da maganin zafi irin fentanil, kana jin magana sama-sama amma yawanci ba ka tuna komai. Akwai furofofol mai sa barci sosai, wanda sai da ƙwararren mai ba da maganin barci a tsaye. Akwai masu shaƙar iskar rage zafi, akwai kuma masu yi ido biyu, su tashi su koma aikinsu. Wanda aka taɓa yi wa tiyatar ciki ko mara, da mata sirara, hanjinsu yakan fi wuyar bi, gara su karɓi maganin.

Ana kwanciya ta gefen hagu, a naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji. Likita yana fara dubawa da yatsa cikin safar hannu da man santsi, sannan ya zura na'urar. Tiyo ce mai laushi, kaurin yatsa manuni, tsawonta kimanin santimita 160, a kanta akwai kyamara da fitila da ƙananan ramuka na iska da ruwa da kayan aiki. Likita yana lanƙwasa kan sama da ƙasa, hagu da dama, da wasu ƙafafun juyi a mariƙinta. Hanjin da ba komai a cikinsa a lafe yake, sai an hura shi kafin a gani. Wuraren da ke hurawa da iskar kabon sun fi, domin jiki yana shanye ta da sauri, kumburin ba ya daɗewa. Zafin da ake ji murɗa ce irin ta mai son fitar da iska, kuma yana zuwa ne a kwanoni, musamman lanƙwasar S ɗin nan, inda tiyon yakan nannaɗe ya miƙe hanjin maimakon ya ci gaba. Ƙwararre ba ya tura da ƙarfi. Ja da baya yake yi ya warware, ya ce a juya mutum rigingine, ko ya ce nas ta danna ciki da tafin hannu a wani wuri. In iska ta zo, a sake ta. Mu a ɗakin nan tusa labari ne mai daɗi. Wani lokaci ana ba da allurar Buscopan don hanjin ya saki, shi ya sa ake tambayar hawan jinin ido da ciwon zuciya.

Da aka isa sikam a cikin Kawu aka ɗauki hoton bakin afendis da ƙofar ƙaramin hanji, aka fara fitowa a hankali, ana wanke bango da ruwa, ana zuƙewa, ana leƙa bayan kowane ninki. Ba a yi nisa ba sai ga shi, a hanjin dama, ƙasa da kwanar hanta: shimfiɗaɗɗen tsiro mai faɗin kusan santimita uku. Likitan ya yi masa allurar ruwan gishiri mai shuɗin launi a ƙarƙashi, ya taso daga bangon kamar kumburi, wanda alama ce mai kyau cewa bai kafe a ciki ba. Ya zarge shi da waya ya yanke gutsure-gutsure, ya rufe wurin da 'yan maƙalan ƙarfe, waɗanda suke faɗuwa da kansu su fita daga baya. Ya sa ɗigon tawada a kusa don a gane wurin nan gaba. A hanjin hagu aka sami wasu ƙanana biyu, aka cire su cikin minti ɗaya-ɗaya. A ƙarshe aka lanƙwasa kan na'urar ta waiwayi bakin dubura daga ciki, ga basir ɗin nan, yana nan kamar yadda takardar farko ta ce. Yanka da ɗibar nama da hantsaki ba sa zafi, domin fatar cikin hanji ba ta jin yanka, miƙewa kawai take ji. Gwajin da ba a sami komai ba yakan ɗauki minti 20 zuwa 40. Na Kawu ya haura sa'a guda, haɗe da haska tumbinsa ta baki da aka fara yi, inda ba a ga komai ba.

Ya farka yana tambaya yaushe za a fara. Bayan kamar sa'a ɗaya aka sallame shi. Wanda aka ba maganin barci, sa'a 24 ba tuƙi, ba aiki da inji, ba sa hannu a takarda mai muhimmanci, ko da yana jin garau. Kuma bayanin da likita ya yi masa a lokacin ɗan rakiya ne zai riƙe, shi zai manta. Kumburi da iska na 'yan sa'o'i, ɗan ɗigon jini a bahayar farko, da kwana biyu ko uku ba a yi bayan gida ba, duk ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne ciwon ciki mai ƙaruwa, ciki ya yi tauri, zazzaɓi, ciwo a kafaɗar hagu, jini gudaji-gudaji ko mai maimaituwa, jiri. Hujewar hanji ba ta kai sau ɗaya a cikin dubu ba a gwaji na yau da kullum, amma haɗarin yana ƙaruwa in an cire babban tsiro. Zubar jini bayan cire tsiro wajen ɗaya ne a cikin ɗari, ya fi haka ga manya na ɓangaren dama, kuma yana iya zuwa har bayan mako biyu, lokacin da ɓawon wurin ya ɓanɓare. Saboda haka aka hana Kawu tafiya mai nisa da ɗaukar kaya masu nauyi na mako biyu. A tambayi ranar komawa kan maganin tsinka jini kafin a bar asibitin, a rubuce.

Takardarsa ta biyu shafi biyu ce da hotuna. Gani ya kori ji. An rubuta cewa an isa sikam, an rubuta minti nawa aka yi a fitowa, da girman kowane tsiro da wurinsa da yadda aka cire shi, da makin tsabta. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Boston ne: ana raba hanji uku, kowane kashi maki 0 zuwa 3, jimla 9, ana son 6 zuwa sama, ba kashin da ya gaza 2. Kawu ya ci 8, ya fi alfahari da wannan fiye da komai. Wanda nasa bai kai ba, a sake cikin shekara guda, kada a lissafa shi a matsayin an yi. In kuma na'ura ta kasa isa ƙarshe saboda ƙunci ko nannaɗewa, ana iya cike gurbin da hoton sikan na hanji, sai dai shi gani kawai yake yi, ba ya cirewa. Ko a hannun gwani gwajin ba ya kama komai da komai. Ƙananan tsiro kusan ɗaya cikin huɗu yana iya kuɓucewa, don haka sabuwar alama bayan gwaji mai kyau ba abin sharewa ba ce.

Sakamakon naman ya fito bayan kwana goma sha biyu. Adinoma ce, ƙwayoyinta sun canza sosai, sun kai bakin gaɓa amma ba su tsallaka sun zama sankara ba. Lokacin dawowa ya danganta da abin da aka samu: hanji mai tsabta ba tsiro, shekara goma, ƙananan adinoma ɗaya ko biyu, shekara bakwai zuwa goma a ƙa'idar Amurka, mai santimita ɗaya zuwa sama ko masu yawa, shekara uku. Wanda aka cire gutsure-gutsure irin na Kawu kuwa wata shida, domin a duba ko wani gefe ya sake tohowa. Ya koma, aka sami tabo mai kyau kusa da ɗigon tawadar, jininsa kuma ya hau 13.6.

Abu na ƙarshe da likitan ya gaya masa ya shafi danginsa. Wanda aka samu da sankarar hanji ko irin wannan babban tsiro kafin shekara 60, 'ya'yansa da 'yan uwansa na ciki ɗaya su fara nasu gwajin a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano nasa, duk wanda ya riga zuwa, su kuma riƙa maimaitawa duk shekara biyar. Babban ɗan Kawu yana da 29, da sauransa. Mahaifiyata kuwa, ƙanwarsa, tana da 51. Ta ce ita lafiyarta ƙalau, ba ta ga jini ba, ba ta ga komai ba. Kawu da kansa ya je ya same ta da hotunan a hannu, ya ce, "Ni ma jinin da na gani ba daga nan ya fito ba." An ba ta ranar Talata ta makon sama, kuma shi ya ce zai raka ta.